Furen Kaka da Saiwar Zama: Tarihin Yawuri Daga Bayan Gida

Daga tsakiyar watan Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, bayan marka ta wuce, hadari ya fara ja da baya, akan ga wani sauyi a bayan gidajen ƙasar Yawuri wanda ba kasafai ake kula da shi ba. Yakuwar da ta yi wata uku ba ta da abin nunawa sai ganye takan wayi gari da fure mai hasken ruwan ƙwai da jan ido a tsakiya. Rama ta bi sahunta. Soso ya lulluɓe danga da rawaya, duma ya buɗe farin furensa da almuru, lallen da aka sassabe tun bazara kuma ya cika tsakar gida da ƙamshi. Wannan shi ne furen kaka, na ƙarshe kafin iskar hunturu ta sauko.

Tsirran da ke wannan fure iri biyu ne. Akwai 'yan damina ɗaya, irin su yakuwa da rama da kuɓewa da riɗi, waɗanda ke tsirowa, su yi fure, su bar iri, su mutu. Akwai kuma masu toho, irin su lalle da zogale da kariya, waɗanda saiwarsu ke zaune a ƙasa shekara da shekaru, ana sara suna tofowa, suna sake fure. Ga masanin tsirrai wannan rabe-raben karatu ne kawai. Ga mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga kuwa, waɗanda ruwan madatsar Kainji ya tashi dubbansu daga gidajensu a 1968, bambancin ya fi haka nauyi. Iri ana ƙulle shi a bakin zane a tafi da shi duk inda ƙafa ta nufa. Saiwa sai inda aka zauna. Saboda haka duk wanda ya iya karanta abin da ke fure a bayan gida zai iya gane ko masu gidan sun ɗauki wurin a matsayin mazauni ko kuwa zango.

Fure alƙawari ne

Bahaushen da bai saba da lambun Turawa ba yakan ji wani iri idan aka ce a shuka abu don furensa kaɗai. A garkarsa da bayan gidansa fure alƙawari ne na abin da ke tafe: furen kuɓewa na nufin miya nan da 'yan kwanaki, furen duma na nufin ƙwarya da ludayi, furen auduga na nufin zare. Wannan bai hana shi lura ba, hasali ma ya ƙara masa kaifin ido. Lokacin da likitan nan ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya kuma ya tattara tsirrai a yankin Kontagora, ya wallafa ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, abin da littafin ya bayyana shi ne al'ummar da ta raɗa wa kusan kowane tsiro suna, wani lokaci ma kowane sashe na tsiron da nasa. Yakuwa kaɗai ta isa misali. Ganyenta yakuwa ne, ko sure a bakin mutanen yamma. Jan kwanson da ke rage bayan fure ya faɗi shi ne zoɓorodo ko zoɓo. 'Ya'yan gurguzu ne, kuma da su ake yin daddawar batso. Babu wanda zai ba tsiro sunaye huɗu sai wanda ya daɗe yana kallonsa.

Abin da manoma suka daɗe da sani shi ne, yakuwa ba ta gaggawa. Ko an shuka ta da ruwan farko a watan Mayu, ko an makara sai Yuli, furenta kusan lokaci ɗaya yake fitowa, bambancin kawai a tsayin kara ne da yawan rassa. Kimiyya ba ta gano dalili ba sai a 1920, lokacin da Garner da Allard, masana biyu a ma'aikatar noma ta Amurka, suka nuna cewa wasu tsirrai na auna tsawon yini kafin su yi fure. Bincike na baya ya ƙara fayyace cewa tsawon duhun dare suke aunawa. Yawuri tana kusa da daraja 11 arewa da tsakiyar duniya. Yini mafi tsawo a can, a watan Yuni, kusan awa 12 da minti 45 ne, mafi gajarta kuma a Disamba kusan awa 11 da rabi. Tazarar ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba, amma ta ishi yakuwa da rama su san cewa damina ta kusa ƙarewa.

Dawar gargajiya ma haka take. Binciken D. L. Curtis da aka wallafa a 1968 ya nuna cewa dawar kowane yanki na Najeriya tana fitar da kai daidai da lokacin da ruwan yankin ke ɗaukewa, ta yadda ƙwaya za ta nuna cikin busasshiyar iska, ba ta ruɓe ba. Wato irin da tsofaffi suka zaɓa shekara bayan shekara agogo ne da aka saita da sararin samaniyar wuri guda. Wannan ne ma ya sa ƙwan lantarkin da ke kwana a kunne a kan tsiron yakuwa zai iya jinkirta furensa, domin ya katse masa duhun da yake ƙirgawa.

Kogi mai cika biyu

Kafin madatsa, mutanen bakin Kwara, wato Kogin Neja, suna da agogo na biyu ban da na sama. Ƙasar Yawuri na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, cikin damina guda, amma kogin nasu sau biyu yake cika. Cikar farko ita masana ke kira farin ruwa: ruwan daminar yankin ne da na rafuka irin su Gulbin Sakkwato, yakan zo da laka, ya kai ƙololuwa wajen Satumba. Ta biyu baƙin ruwa ce. Ruwa ne da ya sauka a tsaunukan Gini tun damina, ya yi watanni yana ratsa faffaɗar fadamar tsakiyar Mali, ya zubar da lakarsa a can, sannan ya iso Yawuri garau cikin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, a lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama.

A kan wannan baiwa Gungawa suka gina rayuwarsu. Sunan daga gungu ya fito, wato tsibiri, su kuwa suna kiran kansu Reshe. Sun shahara da noman albasa a gungaye da gaɓar kogi, suna ɗiban ruwa da ƙwarya suna ban fangali, tun kafin a san injin ban ruwa. Albasa ma tana da nata darasin game da fure. A shekarar farko lawashi da kai take yi. Sai an ajiye zaɓaɓɓun kawuna an sake dasa su cikin sanyi sannan su fitar da dogon kara mai farin dunƙulen fure, wanda daga gare shi ake samun baƙin irin baɗi. Manomin da ke fitar da irin albasarsa dole ya yi tunanin shekara biyu a lokaci guda, kuma dole ya tabbata fangalinsa na nan.

Ke nan mazaunin gungu yana ganin fure sau biyu a shekara: na kaka a tudu da bayan gida, da na rani a lambu. A tsakaninsu akwai bado, wanda ya fi kowane tsiro dacewa da halin kogin. Farin furensa da dare yake buɗewa, ya rufe idan hantsi ya ɗaga. Idan kududdufi ya ƙafe ganye ya bushe, sai a ɗauka ya mutu, alhali kansa na kwance cikin taɓo yana jiran ruwa. Da an cika ya taso. Kan bado da 'ya'yansa abinci ne da aka sha komawa gare shi a shekarun yunwa a ƙasar Hausa, don haka a idon talaka wannan fure rumbu ne da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa.

Baƙin da suka zama 'yan gida

Yawuri, wadda labaran gargajiya ke lissafawa cikin Banza Bakwai, mashigi ce. Ayarin fatake da ke tafiya daga Kano zuwa Gwanja neman goro sukan tsallake Kwara ta wannan yanki. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya fara da nazarin sarautar Yawuri a ƙarni na 19 kafin ya wallafa shahararren littafinsa kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, ya nuna yadda irin waɗannan hanyoyi suka ɗauki mutane da harshe da sana'o'i zuwa nesa. Hanyar da ta ɗauki kanwa da goro ita ce kuma ke ɗaukar iri da reshe.

Idan aka bi dangar gidan Bayawure tsiro bayan tsiro, za a tarar da rabin duniya a jere. Zogale asalinsa arewacin Indiya ne, kuma ɗaya daga cikin sunayensa, bagaruwar Makka, na nuna ta inda Hausawa suka ɗauka ya fito. Bini-da-zugu, wanda ake kafa shinge da shi, daga tsakiyar nahiyar Amurka ya zo, kamar yadda barkono da gwanda da masara suka tsallako teku bayan shekara ta 1500. Darbejiya, da yanzu ta zama inuwar kowace makaranta da asibiti, ba ta shigo Najeriya ba sai 1928, ta Borno. Lalle kuwa ya daɗe ƙwarai, har ya zama sunan wani mataki na aure. Yakuwa ce 'yar gida ta haƙiƙa, kuma ita ta yi tafiyar akasi: daga Afirka ta isa tsibiran Karebiyan a zamanin cinikin bayi, inda har yau ake shan jan ruwanta a bukukuwan ƙarshen shekara.

Abin da ya haɗa baƙin da suka fi kama wuri shi ne sauƙin dashe. A sari reshen zogale mai kaurin hannu a kafa shi a matsayin dirkar danga, cikin damina zai yi saiwa, kafin shekara ta zagayo ya yi farin fure mai ƙamshi. Inda yake samun lema yakan yi fure fiye da sau ɗaya a shekara, kuma yawan sara ƙara masa rassa yake yi. Lalle ma da reshe ake dasa shi, galibi kusa da rariya inda ruwan wanka ke bi, don kada ya ji rani. Sassabe shi bayan an tsinke ganye shi ke sa ya fitar da sabbin rassa, a kansu kuma fure ke fitowa. Kariya, mai kumburarren gindi da ruwa mai guba, ita ce kusan kaɗai ake bari don kyanta. Takan jira sai rani ya yi tsanani, ta kakkaɓe ganye, sannan ta yi fure ja mai haske a kan tsiraran rassa.

Yawancin wannan dukiya a hannun mata take. Garin lalle, busasshiyar kuɓewa, zoɓo, kwaɗon zogale, su ne ƙananan kuɗin da matar da ba ta fita kasuwa ke juyawa daga cikin gida. A ɓangaren maza kuma al'ada ta san nauyin saiwa: wanda aka ba aron gona zai shuka gero da dawa yadda ya so, amma ba a cika yarda ya dasa itace ba, domin itace shaidar mallaka ce.

Shekarar da ruwa bai koma ba

A 1964 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aza harsashin madatsar Kainji. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82, haɗakar kamfanonin Italiya mai suna Impregilo ta yi ginin. An toshe kogin a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar a farkon 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa. An tsara ta da gurbin injuna 12, aka kafa 8 masu ƙarfin megawat 760. A bayan bangon, tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300 ya miƙe fiye da kilomita 130 zuwa arewa, har ƙofar Yelwa, hedikwatar masarautar Yawuri. Tsohuwar Busa ta nutse, tare da duwatsun ruwan da Mungo Park ya halaka a cikinsu a 1806. Gungaye da yawa suka bi ta.

Kimanin mutum 44,000 aka tayar, daga masarautun Borgu da Yawuri da Kontagora: Gungawa, Kambari, Lopawa, Shangawa, Busawa, Hausawa da sauransu. An gina musu sababbin ƙauyuka a kan tudu bisa zanen wani mai tsara gine-gine, Robin Atkinson, ɗakuna na bulon siminti da rufin asbestos, an kuma yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajensu na da. Idan aka gwada da abin da ya faru a Kariba a kan Kogin Zambezi ko a Akosombo ta Gana, masu nazari da dama na ganin aikin Kainji ya fi sauƙin ɗaci. Wolf Roder, masanin labarin ƙasa da ya fara nazarin manoman rani na yankin a wajajen 1970, ya koma bayan shekaru ya rubuta littafi kan yadda mutane suka saba da tafkin, ya kuma nuna cewa da yawa sun farfaɗo, galibi da dabarar kansu.

Sai dai ɗaki ana gina shi cikin makonni, bayan gida kuwa shekaru yake ci. A nan ne rabe-raben tsirrai ya zama rabe-raben asara. Gurguzu da irin kuɓewa da riɗi da albasa duk suna shiga gora ɗaya, kuma a daminar farko za su yi fure a sabon wuri kamar ba abin da ya faru, tunda tsawon dare a tudu da gungu ɗaya ne. Reshen lalle da na zogale ana iya ɗauko su a kwale-kwale, amma sai an yi shekara ɗaya ko biyu ana ban ruwa da kare su daga awaki kafin su koma yadda suke, a ƙasar da ba ta da lemar gaɓar kogi. Mangwaro zai nemi shekara biyar ko fiye kafin ya ba da 'ya'ya. Tsamiya da ɗorawa da kaɗanya da giginya kuwa, wanda ya rasa su yana dattijo ba zai ga madadinsu ba. Kaɗanya takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara haihuwa.

Akwai kuma asarar da ba ta da gangar jiki. Ƙasar gungu kogi ne ke sabunta ta da laka kowace shekara. Ƙasar tudu ba ta da mai yi mata wannan hidima, sai taki da hutu. Inda aka matsa mata da noma ba hutu, wani furen kaka ne ke bayyana, kyakkyawa mai launin shunayya da ja, wanda babu manomin da ke murnar ganinsa: ƙuduji, ko wuta-wuta, mai maƙalewa a saiwar dawa da gero yana tsotse su tun kafin ya leƙo sama. Tsiro ɗaya na zubar da dubban ƙananan iri da ke iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma. Furensa sanarwa ce cewa ƙasa ta gaji.

Kalandar tafki da furen da ba a gayyata ba

Tafki ya zo da nasa lokutan, waɗanda bukatar lantarki ke juyawa. Yakan fara cika da farin ruwa wajen Agusta da Satumba, baƙin ruwa ya riƙe shi a sama cikin hunturu, sannan ya yi ta ja a hankali har tsakiyar damina. Tsakanin cika da ja akwai kimanin mita 10, kuma a wuraren da gaɓa ke shimfiɗe, wannan na nufin filaye masu faɗi da ke fitowa su sake nutsewa duk shekara. Manoma suka koyi bin ruwa a baya: yana ja suna shuka, suna tseren girbi kafin ya dawo. Makiyaya suka sami burugu, ciyawar ruwa mai zaƙi da shanu ke so. Daga baya injin ban ruwa ya maye gurbin ƙwarya, albasa da shinkafa suka sake zama abin alfaharin yankin.

Amma wannan sabuwar fadama tana da sharaɗi: ba ta karɓar mai toho. Ruwa na dawowa ne daidai lokacin furen kaka, ya kuma zauna watanni, don haka lalle ko zogale ko mangwaro ba za su rayu a cikinta ba. Ƙasa ce ta 'yan kwanaki, wadda ba a iya kafa mata shaidar itace, kuma ƙasar da ba ta da shaida ba ta rasa jayayya tsakanin manomi da makiyayi da masunci. Abin da ya daɗe ya koma tudu, cikin danga, a hannun mata.

Sai ga wani mai toho da ba ya buƙatar ƙasa ko kaɗan. Hausawa sun daɗe da sanin kainuwa, ƙaramin ganyen nan mai yawo a kan ruwa, har suna yi mata kirari da dashen Allah. Wadda ta bayyana a tafkin Kainji a ƙarshen shekarun 1980 wata ce daban, baƙuwa daga kwarin Amazon na Kudancin Amurka, mai kumburarren kara da fure shuɗi mai ɗigon rawaya. Kyan furen ne ya fitar da ita daga gida: masu son ado suka yi ta ɗaukarta zuwa tafkunan lambu a nahiyoyi daban-daban tun ƙarshen ƙarni na 19, daga nan ta kuɓuce. An ga ta a ruwayen Badagiri ta Legas a 1984. Ta Kainji kuwa daga sama take gangarowa, daga Mali da Nijar, tare da cikar kogi. A yanayi mai kyau takan ninka kanta cikin mako biyu, irinta kuma na iya jira cikin laka shekaru masu yawa.

Ga masunta, Sarkawa da sauransu, wannan fure na nufin yagaggen taru, toshewar mashigi, da kwale-kwalen da ya kasa kaiwa kasuwar Yelwa ko Wara. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus kan kamun kifi a tafkin, tare da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa, ya yaƙe ta ta hanyoyi uku: gayyar al'umma don tsame ta da hannu, sakin wasu ƙwari masu cin ta, da kafa shinge a kan kogi ta wajen Zamare don tare ta kafin ta shiga tafki. An rage ta, ba a kawar da ita ba. Fure ne da aka yaɗa shi a duniya don kallo zalla, amma ya zame wa yankin abu mai tsada.

Abin da ake dasawa yanzu

Furen kaka ya sami daraja da tsofaffi ba su yi zato ba. Zoɓon da a da ake shanyawa a kan rufin ɗaki don kunu da miya yanzu kaya ne da ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Meksiko da Turai, Jigawa da Kano na kan gaba wajen nomansa. Garin zogale ya shiga kantunan birane cikin leda mai tambari. Duk da haka, a lissafin hukuma bayan gida har yanzu kusan ba kowa ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi diyya ga amfanin gona da gine-gine da gyaran da aka yi wa wuri idan gwamnati ta karɓe shi. Mai ƙiyasi zai ƙirga mangwaro da ɗorawa, amma kurmin lallen da ya yi shekara 20 yana sayen sabulu da littafin makaranta abu ne mai sauƙin tsallakewa, musamman da yake mai shi ba ita ke tsayawa gaban masu rubutu ba.

Batun bai zama tarihi kawai ba, domin tashi bai ƙare a 1968 ba. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun cinye gonaki da gidaje a Jihar Kebbi, musamman a bakin kogi. Hukumar HYPPADEC, da aka kafa don kula da al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa, an yi dokarta a 2010, amma sai bayan kusan shekara goma ta fara aiki, wato fiye da rabin ƙarni bayan ruwa ya hau. Ga kuma rashin tsaro. Sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a ranar 17 ga Yuni, 2021 shi ne abin da duniya ta ji, amma hare-haren 'yan bindiga sun sha tayar da ƙauyuka a Ngaski da Shanga ba tare da labarin ya yi nisa ba. Wanda ya kwana da shirin gudu zai iya watsa gurguzu a bayan ɗaki, tunda wata huɗu kawai yake nema. Ba zai dasa mangwaro ba.

Wannan ya ba masu tsara sake tsugunar da jama'a ma'auni mai arha da babu rahoton da zai iya yi masa kwaskwarima. Yawan ɗakunan da aka gina da rijiyoyin da aka haƙa na faɗin abin da gwamnati ta kashe. Idan ana son sanin ko mutane sun yarda da wurin, sai a dawo bayan shekara uku, cikin Oktoba, a zagaya ta bayan gidaje. In yakuwa da kuɓewa kaɗai aka gani, mutanen na jira ne. In an tarar da dirkar zogale ta yi rassa, lalle ya kama a bakin rariya, an kewaye ɗan dashen mangwaro da ƙaya saboda awaki, to an zauna. Daga nan kuma ake gane abin da ya kamata a sa cikin kayan agaji tun farko: a ƙirga tsirran mata cikin diyya da sunan masu su, a bar wa kowane gida filin bayan ɗaki da hanyar ruwa, a kai rassan dashe tare da kwanon rufi.

A ƙauyukan da aka gina a tudun Kainji, yawancin rufin farko ya tsufa, an sauya shi ko an yi masa ƙari da ɗakunan laka da na kwano. Itatuwan da aka dasa a shekarun farko kuwa yanzu sun haura shekara 50, inuwarsu ta rufe gidajen. Yaran da ke wasa a ƙarƙashinsu ba su taɓa ganin gungun kakanninsu ba, kuma a wurinsu nan ne asali. Lallen da za a ƙunsa wa amaryar bana daga bayan gidan uwarta za a tsinko shi, wataƙila kuma a yanko mata reshe ɗaya ta tafi da shi ɗakinta.